Jan Kafso a Ƙofar Zaure

Ina tsakiyar buga wa wani dattijo takardar cinikin gona Auta ya sauka daga kabu-kabu, ƙura ta yi masa fari har gira. Ya gaishe ni, ya gaishe da dattijon, ya ja benci ya zauna. Ɗan yayata ne, autan ɗakinsu, a Kusada suke zaune. Ya gama sakandare, makin jarrabawar shiga jami'a bai kai ba, sai ya faɗa cikin zaman nan na jiran shekara, wanda kan gyara yaro ko ya lalata shi. Sai da dattijon ya ninke takardarsa ya sa a aljihu ya fita sannan ya matso.

"Kawu, so nike in haɗa gem."

"Ka haɗa ko ka buga?"

"In haɗa. Nawa na kaina."

Ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi ya nuna mini irin wanda yake nufi, Call of Duty Mobile. Ga wanda bai saba ba, irin wasan nan ne da ba ka ganin jikin ɗan wasanka, domin kai ne shi. Da idonka kake kallon duniyar, abin da ke ƙasan allo hannu ne kawai riƙe da bindiga, in ka juya komai ya juya tare da kai. Yaran unguwa sun fi buga Free Fire saboda ba ya wahalar da ƙaramar waya, amma a can bayan mutuminka kake gani yana gudu. Auta ya ce shi mai idon kai yake so, ya fi sa gaban mutum faɗuwa.

Shagona na buga takardu ne da fotokwafi da cike fom, a gefen titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Kankiya. A garinmu duk wanda aka gani zaune gaban kwamfuta ana ɗauka ya san duk abin da ke cikinta, kamar yadda ake kiran duk mai farar riga a asibiti likita. Ni kuwa ban taɓa haɗa gem ba, bugawar ma na daina tun zamanin macijin Nokia. Kunya ta hana ni faɗa masa haka. Na ce ya dawo jibi.

Kayan aikinmu laftof ce guda, wadda na jingine tun da na sayi babbar kwamfutar shago. Ta hannu ce, a Beirut Road ta Kano na saye ta shekarun baya. Ram ɗinta giga 4, ba ta da katin hoto na daban, batirinta kuwa in aka ɗauke wuta kafin ka idar da alwala ya mutu. In aiki ya yi mata nauyi fankarta kan ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Na kawo wannan bayani tun da wuri ne saboda duk muhawarar da muka yi daga baya, ita ce ta yanke hukunci, mu dai surutu muka yi.

Abin da na fara fahimta a daren farko shi ne, yanzu kusan ba mai fara gem daga tushe. Akwai manhajojin da ake kira injin gem, waɗanda suka riga suka san yadda haske ke sauka a bango, yadda abu ke faɗowa in an sake shi, yadda ƙara ke raguwa in ka yi nisa. Kai naka shi ne ka kawo garin da mutanensa da dokokinsa. Tela ba ya ƙera keke, sayensa yake ya zauna ya yi ɗinki. Tambayar ita ce wane keke ya dace da ɗan koyo.

Auta ya dawo da amsarsa a baki: Unreal Engine. Ya kalli bidiyoyi a YouTube, ya ga duwatsu da dazuzzukan da ba ka bambanta su da hoton gaske. Na kamfanin Epic Games ne na Amurka, tun 1998 ake amfani da shi, fitowa ta biyar ta zo a 2022, kuma da shi aka yi PUBG da Fortnite. Kyauta ake saukewa, sai gem ɗinka ya kawo sama da dala miliyan ɗaya sannan su karɓi kashi 5 cikin ɗari na abin da ya haura. Da na karanta masa wannan sai ya kwashe da dariya, ya ce, "In mun kai miliyan ɗin dala, Kawu, mu ba su goma ma."

A takarda, Unreal ya fi kowa tausayin ɗan koyo mai son wasan harbi. Yana zuwa da samfurin da aka riga aka gina, kana buɗewa ka tarar da fili da ɗan wasa da ke tafiya yana tsalle da idon kai. Yana kuma da wata hanya da suke kira Blueprint, inda maimakon ka rubuta umarni sai ka riƙa jona akwatuna da zare, kamar mai haɗa wayoyin sola: in an danna nan, a yi kaza. Sai dai nauyinsa giga gommai ne, ram ɗin da masu shi suke ba da shawara kuwa ya ninka namu sau da yawa. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kowa a nan ya ji a jikinsa. Muka ɗauki wata ɓatacciyar fotokwafi muka yi lissafi a bayanta, dare nawa na garaɓasar data zai ci kafin ya sauka, in har wuta ta tsaya, in har bai katse a tsakiya ba. Ko ya sauka ma, laftof ɗin ba za ta iya ɗaga shi ba. Ba mu taɓa saukewa ba. Riga ce mai kyau, ƙato aka auna aka ɗinka wa.

Unity muka gwada da gaske. Hujjojinsa suna da ƙarfi, har yanzu ban raina su ba. Da shi aka yi Free Fire, da shi aka yi Call of Duty Mobile ɗin da ya jawo mana wannan aiki. Darussansa sun cika intanet. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa, yana gudanar da shirin horar da matasan Afirka mai suna GameUp Africa, kuma Unity ake koyarwa. Wato in yaro yana hangen wata rana a ɗauke shi aiki a wannan sana'a, nan ne ƙofar ta fi faɗi. Dare uku muka yi muna saukewa. Muka buɗe wani ƙaramin samfurin harbi da suka tanadar wa 'yan koyo, mai mutum-mutumin ƙarfe da ke shawagi suna harbinka. Auta ya canza launin bango, ya ƙara wa bindiga ƙarfi, ya ce ya haɗa gem. Na ce a'a, ka dai yi wa gidan haya fenti.

Laftof ɗin ce ta gaza. Duk gyaran layi ɗaya sai mu zauna muna kallon sandar jira tana rarrafe, fanka na kuka, wani lokaci kafin ta gama an ɗauke wuta. Yaren da ake rubuta umarninsa, C#, cike yake da baka-baka da waƙafi mai ɗigo, ka manta guda ɗaya komai ya tsaya. Sannan akwai abin da ya tsaya mini a rai ni kaɗai. Unity yana so ka buɗe asusu, ka shiga da sunanka, ka karɓi lasisi ta intanet. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da ke nan kusa da mu. Mu abin bai haɗa da mu ba, amma na ga mutanen da suka riƙa yin tafiya takanas don su sami inda waya za ta shiga. Tun daga lokacin nake ɗari-ɗari da duk kayan aikin da sai ya nemi izini daga nesa kafin ya yi mini aiki. Na kuma karanta yadda a Satumban 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai fara karɓar kuɗi a kan kowace ɗorawa da aka yi wa gem a waya ko kwamfuta, masu haɗa gem a duniya suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan da ya biyo, aka soke tsarin gaba ɗaya a Satumban 2024. Dokar ba ta taɓa shafar ƙanana irinmu ba. Abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne mai gida na iya sauya sharaɗin haya bayan ka shigar da kaya.

GDevelop muka leƙa na yini ɗaya. Ba a rubuta umarni a cikinsa, jeri ne na "in kaza ya faru, yi kaza", har a waya yana aiki, kuma ga mai son wasan tsalle-tsalle na gefe ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba. Roblox Studio kuwa rayuwarsa duk a kan intanet take, muka wuce.

Inda na fi jin daɗi, kuma inda zan tura duk yaron da ya zo mini da irin wannan buƙata gobe, wani tsohon abu ne da ya girmi Auta nesa ba kusa ba. A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a Amurka, id Software, ya fitar da Doom, bayan Wolfenstein 3D da suka yi a 1992. Su ne suka kafa wannan salon wasa a idon duniya. Doom yana gudu a kwamfuta mai ram mega 4. Tamu mai giga 4, wadda muke ta zagi, ta ninka wannan sau dubu. A 1997 John Carmack da abokan aikinsa suka saki rubutun injin ga kowa, tun daga nan mutane ke gina nasu filayen wasa a kansa har yau. Akwai manhajar zana filin mai suna Ultimate Doom Builder, akwai kuma Freedoom, tarin hotuna da sauti na kyauta da za ka yi aiki da su ba tare da ka sayi komai ba.

Yadda ake aikin ya yi kama da yadda magini ke zana gida a ƙasa da sanda. Daga sama kake kallo. Ka ja layi huɗu su haɗu, ɗaki ya samu. Ka faɗi tsayin ƙasa da tsayin rufi. Ka ja wani ɗakin ka manna, ka buɗe ƙofa a tsakani. Ka danna maɓalli guda sai ga ka tsaye a cikin abin da ka zana. Tsakanin la'asar da isha'i Auta ya gina zauren gidansu, da soron ciki, da tsakar gida, da rijiya, har da ɗan lungun da ake ɗaure awaki. Ya juya mini laftof ɗin ya ce in shiga. Na bi ta zaure na karya hagu kamar yadda ƙafata ta saba shekara ashirin, na tsinci kaina a ƙofar ɗakin Yaya. Tsigar jikina ta tashi. Fanka ko tari ba ta yi ba.

Abu biyu suka raba mu da Doom. Abokan gaban da ke cikinsa dodanni ne masu ƙaho da jini, Auta kuma ba dodanni yake son harbi ba, zan zo kan wannan. Na biyu, kuma shi ne babba, abokansa ba su da kwamfuta. Gem ɗin da ba za a tura shi ta Xender daga waya zuwa waya a bakin shagon caji ba, a wurinsu babu shi.

Haka muka iso Godot, ba don mun fi son sa ba, sai don shi ne ya rage a tsaye. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, suka sake shi ga jama'a a 2014 a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar yin abin da ya ga dama da shi, ba kaso, ba haraji. Fitowa ta huɗu ta zo a watan Maris na 2023. Nauyinsa bai kai mega ɗari ba. Ina shan shayi ya gama sauka. Ba a girka shi, fayil ne guda, ka danna ya buɗe, ka sa shi a filas ka kai wa wani. Ba ya tambayar sunanka. Bayanin kowane umarni yana cikinsa, ko ba data za ka karanta. Yana da zaɓin zane mai sauƙi don tsofaffin kwamfutoci, muka zaɓe shi, laftof ɗin ta ɗauka ba gardama. Akwai ma na Android, wanda Auta ya ɗora a wayarsa yana duba aiki in ya koma Kusada, ko da yake rubutu a kan tsagaggen gilashi sai mai haƙuri.

Kada in yi masa kirarin da bai kai ba. In ka buɗe Godot ba abin da za ka tarar sai fili fayau mai launin toka. Ba bindiga, ba ɗan wasa, ba ko ƙasar da za ka taka. Makon farko Auta ya yi ta ƙunƙuni. Mun ɓata kwana biyu muna bin darasin fitowa ta uku alhali ta huɗu ce a gabanmu, sunayen abubuwa sun canza, abin da malamin ke kira KinematicBody ya koma CharacterBody3D, mu kuwa muna ta neman abin da babu. Yarensa, GDScript, ya fi na Unity sauƙin karantawa, amma yana da tsantseni a kan tazarar farkon layi, ka matsa kaɗan ba daidai ba ya ƙi tashi. Kuma ranar da muka zo mayar da aikin manhajar waya, sai ga wasu kayan haɗi da dole a sauke, sun tasam ma giga guda, ban da na Android. Arhar tana da iyaka.

Sai dai wannan filin fayau ɗin ya koya wa yaron abin da gidan haya bai koya masa ba. Ya gano cewa ɗan wasa jiki ne marar ganuwa da aka ɗora wa kyamara a daidai tsayin kai. Ya gano cewa hannu da bindigar da ke ƙasan allo manne suke da kyamarar, shi ya sa ba sa barin idonka. Abin da ya fi girgiza shi shi ne harsashi. A yawancin irin waɗannan wasanni ba abin da ke fita daga bakin bindiga. In ka danna, injin yakan miƙa wani layi marar ganuwa daga tsakiyar idonka zuwa gaba, ya tambaya me layin ya fara taɓawa. In bango ne, a zana ɗan tabo. In abokin gaba ne, a rage masa lamba. Ƙara da walƙiya da girgizar hannu duk ado ne da aka yaɓa daga baya. Ya daɗe yana kallon layuka goman da ya rubuta, sannan ya ce, "Ashe duk ƙarya ce." Na ce ragi ne kawai, irin na aji uku.

Kafin a zana abokin gaba na gaske, al'adar masu wannan aiki ita ce a ajiye wata siffa ta wucin gadi a madadinsa. Godot yana da ita a shirye, doguwa mai zagayayyen kai da gindi, sak kafson magani. Auta ya shafa mata ja, ya koya mata bin ɗan wasa, ya jera guda shida a ƙofar zauren da ya sake ginawa. Sai aka zo maganar fuska.

A nan dole in koma baya kaɗan. Mutanen nesa kan rikita Kankiya da Ƙanƙara. Daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wayata ba ta huta ba, abokai daga Legas da Abuja suna tambaya ko muna lafiya. A lokacin nakan amsa da cewa ai mu nan lafiya lau, can yamma ne. Yanzu na daina ba da wannan amsa da ƙarfin gwiwa. Ƙanen mahaifin Auta, manomi a wani ƙauye da ke yammacinmu, an ɗauke shi da dare daga gidansa. Ya yi makonni a daji. Shanun huɗa biyu da gona guda suka tafi kafin ya dawo, kuma ni na buga takardar cinikin gonar a wannan shagon, ban karɓi ko sisi ba, hannuna na rawa. Ya dawo da rai, amma har yau in babur ya wuce da dare sai ya tashi zaune. Auta ne ya riƙa kai masa abinci asibiti.

Saboda haka ban yi mamaki ba da ya faɗa mini sunan gem ɗin da labarinsa. 'Yan bindiga sun shigo gari a kan babura, kai kaɗai ka rage, ka kare gidanku. Na gwada karkatar da shi. Na ba shi labarin Chex Quest, wanda wani kamfanin abincin karin kumallo a Amurka ya sa aka yi a 1996 a kan injin Doom, aka cire kisa, makamin cikinsa mayar da halittun yake inda suka fito. Na ce me zai hana hannun ya riƙe danƙo, filin ya zama gonar gero, abokan gaba su zama jan-baki da ke sauka garke-garke? Ba wanda ya taɓa yi, kuma kowane yaro a Kusada ya san wannan yaƙi. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya ba da shawarar a je biki da keke.

"Kawu, wa zai buga gem ɗin korar tsuntsaye?"

Mai zanen aikin abokinsa ne tun firamare, yaro mai shiru-shiru da ke iya zana fuskarka da biro kafin ka gama cin ƙosai. Bafulatani ne, rugarsu na bayan gari. Su ma an kore musu shanu shekarun baya, abin da ya sa mahaifinsa ya koma dillancin awaki a kasuwanni. Ran nan suna zaune su biyu a bencin shago, ina gefe ina haɗa takardun wata makaranta, na ji Auta yana zayyana masa yadda yake so a zana maƙiyin. Dogo, siriri. Rawani ya rufe baki. "Ka sa mashi malafa, da sanda a kafaɗa, yadda da an gani za a gane."

Biron ya tsaya. Yaron bai ɗago kai ba, ya ce, "Kamar Baffana ke nan."

Ba wanda ya sake magana. Injin fotokwafi ya ci gaba da aikinsa. Na so in sa baki, na rasa ta inda zan fara, domin na san abin da Auta ya gani a gadon asibiti, na kuma san mahaifin yaron nan, mun sha haɗa sahu a masallacin Juma'a. Da Unreal ko Unity muka tsaya, wataƙila da ba a zo nan ba. Da mun ɗauko sojan da wani ya riga ya zana a wata ƙasa, mai baƙin kyalle a fuska, mu harbe shi hankali kwance. Filin da ba komai a cikinsa shi ya tilasta wa yara biyu su zauna su yanke wa kansu kamannin wanda za a kashe. Ban ce hakan alheri ne ba. Abokin ya yi kwana tara bai leƙo shagon ba, na ƙirga.

Cikin kwanakin nan ne kuma Malam, mahaifin Auta, ya zo Kankiya ta'aziyya ya biyo ta wurina. Auta ya buɗe masa aikin da ɗokinsa. Malam ya sa tabarau, ya kalli zaurensa, ya kalli layin da ya bi ta bayan masallaci ya ɓulle wurin famfon burtsatse, ya kalli bindigar da ke ƙasan allo. Na zaci zancen ɓata lokaci zai yi, ko na halal da haram, har na shirya amsoshina. Sai ya cire tabarau ya juyo gare ni, ba ga ɗansa ba.

"Wato taswirar unguwarmu ce, da hanyar shiga da ta fita, da bindiga a ciki, a wayar ɗana."

Na ce wasa ne, Malam.

"Ni na san wasa ne. Wanda zai tare shi a hanya ya ce buɗe wayarka, shi ma ya sani?"

Ban da amsa. A yankinmu kalmar infoma ta isa ta hallaka mutum kafin a tsaya bincike, kowa ya san haka. Ni da na kwashe makonni ina auna giga da ram, wannan lissafin bai taɓa zo mini ba. Malam bai hana aikin ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kada a bar ko lungu guda da ɗan Kusada zai gani ya gane. A daren Auta ya rushe unguwarsu. Ya mayar da masallaci gabas da kasuwa, ya toshe layin burtsatse, ya juya zauren ya kalli wani gefen. Garin da ya rage ba na kowa ba ne, ko da yake ni har yanzu ƙafata kan so karya hagu.

Ranar ta goma abokin ya dawo. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Ya zo da hotunan da ya ɗauka da waya: bangon ƙasa mai tsaga, ƙofar langa-langa mai tsatsa, ganyen dalbejiya, buhun taki da aka yi labule da shi. Ya zauna yana gyara su yana liƙa wa bangayen gem ɗin, garin ya fara kama da wurin da mutane ke kwana. Ya ɗauki hoton hannun Auta ya zana shi a ƙasan allo, har da tabon lauje da ke bayan babban yatsa. Maƙiyin kuwa bai taɓa shi ba, Auta ma bai sake tayar da zancen ba.

Bayan babbar salla suka fitar da shi. Bai kai mega hamsin ba. Maɓallan taɓawa suna da gardama, wani lokaci maƙiyi kan maƙale a jikin rijiya yana karkarwa, in ka shiga wani lungu sai ka faɗa ta cikin ƙasa ka yi ta faɗuwa har abada. Duk da haka ya bi wayoyi daga shagon caji zuwa shagon caji, har na ga yaron da ban sani ba yana buga shi a tashar mota. Sunan da Auta ya raɗa masa bai kama ba. Kafso yara ke ce masa. Kafso nawa ka kashe, kafso ya cinye ni.

Shekaranjiya da yamma suna zaune su biyu a bencin, laftof a cinyar abokin, wani ɗan maƙwabta da ya zo karɓar fotokwafin babansa ya tsaya a kansu yana leƙe. Ya ce wai yaushe za a sa wa kafson nan fuska, ai gem ɗin gaske mutane ake harbi. Auta ya ce sai fitowa ta gaba. Abokin bai ce komai ba, yana ta daidaita tsatsar wata ƙofa. Sai aka ɗauke wuta, na ce su yi maza su adana aikin kafin batir ya mutu, na fita tayar da janareto.